Ƙusoshin Babur ɗin Yaya Habu

Makon jiya dusar ƙanƙara ta sauka mana a Plumstead. Ba ta yi yawa ba, amma kafin gari ya waye ta daskare, titin layinmu ya koma kamar an shimfiɗa gilashi. Ina tsaye bakin taga na ga maƙwabcina yana fama da motarsa a hawan da ke gaban gidanmu. Mota ce sabuwa mai ƙarfin gaske. Yana danna totur, tayoyin suna juyawa wuri ɗaya suna kuka, ita kuwa ko motsi. Na yi niyyar in leƙa in ce masa ya sassauta ƙafa, sai na yi tunanin wataƙila ba zai ji daɗi ba. Ina cikin wannan shawara motar council mai watsa gishirin narkar da ƙanƙara ta zo ta raba gardama. Amma kukan tayar nan bai bar kunnena ba yini guda, don ya mayar da ni wani sanyi da muka sha a unguwar nan a ƙarshen shekarun saba'in.

A lokacin kuɗin mai yana ambaliya a gida, ana ta tura mutane ƙasashen waje koyon aiki. Ni na gama digirina na injiniyan injuna ke nan, aka ba ni shekara guda in zo London in ga yadda ake aikin da hannu. Na sauka wurin yayata, Yaya Binta, da mijinta Yaya Habu, a wani flat na saman bene mai ɗaki biyu da kicin. Yaya Habu mai safiyo ne. Ya yi shekaru yana auna ƙasa a yashin Barno da motar jif, kafin wani kamfanin neman mai ya kawo shi nan ƙaro sani. Mutum ne mai fara'a da faɗin murya, ba ya shakkar komai. Ni kuma Allah ya yi ni mai jinkirin yanke magana, ko lokaci aka tambaye ni sai na duba agogo na sake dubawa. Shi ya sa ya raɗa mini suna Malam Wataƙila, kuma da yake akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, ba ni da bakin ƙorafi.

Shi ne ya samo mini gurbi a wani ƙaramin gareji kusa da kogi, na wani tsohon Bature da muke kira Baba Dennis. Garejin ne ke shirya wa kamfanin su Yaya Habu kayan aiki. A farkon sanyin nan aka kawo mana wasu manyan akwatunan katako daga Kanada. Da muka ɓalle su sai ga abin da ban taɓa gani ba sai a hoto, wato baburan ƙanƙara. Wanda bai san shi ba, ya ɗauka babur ne aka cire wa tayoyi. A gaba an sa masa dogayen takalma biyu masu lanƙwasasshen baki da ke sulɓi a kan dusa, da su ake juya shi. A baya kuma, ƙarƙashin wurin zama, akwai bel na roba mai faɗi da ke zagayawa kamar na katafila, shi ke tura shi gaba. Waɗanda aka kawo mana masu babban inji ne, don za su ja kaya a hawan dutse. Baba Dennis ya tayar da ɗaya a cikin gareji, ƙararsa ta sa kwanon rufi ya ɗauki rawa.

Tawagar su Yaya Habu ce za ta hau su. Za su tafi can arewacin Norway su kafa turakun rediyo a kan duwatsun bakin teku, don jiragen ruwan da ke neman mai su riƙa sanin inda suke. Babu hanyar mota a wurin. Daga dusa mai zurfi sai tafkuna da koguna da suka daskare. Yaya Binta kuwa cikinta ya fara tsufa, na fari ne, bayan dogon jira.

Kafin a zo maganar babura, garin kansa ya fara juya mana baya. Burodi ne ya fara wuya, don masu gasa shi sun shiga yajin aiki. Muna murnar ya dawo sai dusa ta sauko gadan-gadan wajen shigowar sabuwar shekara, direbobin manyan motoci su ma suka ajiye aiki. Ka shiga kanti ka tarar da kanta wayam. Sukari ya ɓace, gishiri ya ɓace, sannan abin da ya fi tsorata mu, kananzir. Gidan ba shi da irin ɗumin nan na yanzu da ake kunnawa da maɓalli ɗaya. Hitar kananzir ɗaya gare mu, mai zagayen wuta shuɗiya, ita muke ɗauka daga ɗaki zuwa ɗaki kamar jinjira. Masu kwashe shara ma suka bi sahu, baƙaƙen ledoji suka taru a bakin titi dusa ta lulluɓe su, ka ce tsibin gyaɗa ne aka rufe da farin zane.

Da asuba ni ke fara tashi. Gilashin taga ta ciki ya yi ƙanƙara, sai na kankare da cokali kafin in ga waje. Famfon banɗaki ya daskare tun farkon lamarin, don haka da na kicin muke rayuwa, shi ma sai an bar shi yana ɗiga. In dafa ruwa a butar shayi in sirka mana na alwala. Bayan salla in sauka ɗauko madara a bakin ƙofa, in tarar ta daskare ta turo murfin kwalbar sama kamar ta sa hula. Yaya Binta ta dama mana kunun garin shinkafa da 'yar tsamiyar da ta rage. Daga nan in ɗauki jarka in bi layin kananzir a shagon wani Ba'indiye kafin in wuce aiki. Wata rana a samu rabin jarka, wata rana ina gab da kai wa a ce ya ƙare. Nama sai an tsallaka kogi zuwa gabashin London wurin mahautan Pakistan, jirgin ƙasa kuwa kullum an yi cancel. Muka koma tuwon semolina da miyar kuka, kukar ma da ƙaramin cokali Yaya Binta take aunawa. Yau in na shiga Lewisham na ga daddawa da busasshiyar kuɓewa da kilishi jere a shago, nakan tsaya in yi ta kallo ko ba saye zan yi ba. Duhu yana shigowa tun mutum bai gama tashi daga sallar la'asar ba. Sai mu tare a kicin, mu toshe ƙarƙashin ƙofa da tsohon bargo. Komai namu warin kananzir yake, har sallaya.

Wata rana Yaya Habu yana gasa tafukansa a jikin hita ya ce, "Ku ji ikon Allah. A gida mai ya yi yawa har an rasa inda za a kai kuɗinsa, mu da aka turo neman ƙari ga mu a layin kananzir."

Cikin wannan hali aka zo zaɓen bel. Iri biyu aka aiko da su. Ɗaya mai dogayen haƙoran roba, kamar filafilin kwale-kwale, wanda ke haƙa dusa mai laushi ya watsa ta baya. Ɗaya kuma gajerun haƙora gare shi, shi ne ake hudawa a ɗaura masa ƙusoshin ƙarfe masu tsini su riƙa cizon ƙanƙara. Ba a haɗa biyun. Ƙusa sai ta ɗara haƙorin roba tsawo kafin ta taɓa ƙasa, in kuwa aka sa wadda za ta wuce dogayen haƙoran nan, to ko ta lanƙwashe, ko ta yage robar, ko ta huda lagireton da ke saman bel ɗin. Baba Dennis ya ce kowane mahayi ya zo ya faɗi wanda yake so. Ya kuma nuna ni da sifana ya ce babur ɗin mijin yayata a wuyana yake, daga noti na farko har na ƙarshe.

Yaya Habu bai ko tsaya dubawa ba. Ya dafa mai dogayen haƙora.

"Wannan. Ba na son ƙusa ko ɗaya."

Na ce, "Yaya, ina jin wataƙila gara mu duba taswirar hanyar tukuna."

"Ka fara ko, Malam Wataƙila? Kai yaro, dusar nan mece ce? Yashi ce fara mai sanyi. Na yi shekaru ina keta yashi, ƙa'idarsa ɗaya ce. Ka rage iskar taya ta baje, ka ba da wuta, kada ka tsaya. Ka taɓa ganin wanda ya buga wa taya ƙusa don zai shiga Gashuwa?"

Maganarsa da gaskiya a ciki in dusa ce zalla. Amma na ɗauki taswirar na zauna da ita, na ga babban kaso na hanyarsu a kan ruwa yake, tafki bayan tafki, sannan wani kogi da za su bi har kusa da bakin teku. Na tambayi Baba Dennis, wanda ya taɓa aiki a can da ƙuruciyarsa, ya ce iskar teku takan share dusar kan tafkunan tas, ta bar ƙanƙara tsirara. Na ce to me ya hana ya gaya wa Yaya Habu? Ya ce ya gaya masa, dariya ya yi.

Ranar na kasa cin tuwo. Ina kallon Yaya Binta tana tashi da ƙyar tana dafa bango, ina kuma hango babur mai wannan ƙarfi a kan gilashi. Na ƙudura a raina cewa ko zai shekara yana yi mini dariya, ba zai hau wancan bel ɗin ba. Sai dai ban san ta inda zan ɓullo masa ba, don ni ba a taɓa jin na ci gardama ba.

Sanyin da ke gana mana azaba shi ya taimake ni. Bayan garejin akwai wata fadama da ruwa ke kwanciya, zurfinta bai wuce gwiwa ba. Ta daskare kamar dutse, iska kuma ta share tsakiyarta. Na roƙi Baba Dennis ya amince, na ɗaura wa babur ɗin bel mai dogayen haƙora, ranar Asabar na ce wa Yaya Habu ya zo ya gwada abinsa kafin a rufe shi a akwati.

Ya zo ya naɗe kai da mayafin matarsa, ya hau yana yi mini gwalo. A gefen fadamar inda dusa ta taru, babur ɗin ya tashi kamar an harba shi, yana feshin fari a baya, ina jiyo shewarsa. Sai ya karkato ya hau tsakiya. Nan take bayan babur ɗin ya zarce gabansa. Ya matse birki, babu abin da ya canja. Ya ƙara wuta kamar yadda ake yi a yashi, bel ɗin ya yi ta kuka a banza, abin ya yi ta juyi da shi kamar katantanwa har ya je ya cusa kai cikin busasshiyar ciyawar bakin ruwa. Na ruga ina zamewa ina tashi. Na tarar da shi zaune a ƙasa, dusa har cikin kunne, yana dariya.

Ya ce, "Wannan ba yashi ba ne."

"Haka nake gani, Yaya."

"To cika shi da ƙusa. Ko'ina. Kada ka bar wurin da yatsa zai zauna."

Na koma gida ina jin na sauke kaya. Ashe ƙaramin na sauke.

Ƙusa a baya tana da abokiyar aiki a gaba. Ƙarƙashin kowane takalmi akwai wata siririyar wuƙar ƙarfe da ke yanka ƙanƙara in an juya kai. In baya ya fi gaba cizo, sai mutum ya murɗa kai babur ya ƙi ji, ya miƙe da shi inda ya fuskanta. Dogayen wuƙaƙen da aka yi oda suna can maƙale a tashar jiragen ruwa saboda yajin aiki, sai gajerun da baburan suka zo da su. Ban da haka, kowace huda rauni ce a jikin roba, inji mai ƙarfi kuwa in ya fizga, daga wurin rauni yake yagewa, musamman hudar da ke baki-baki. Bel ya tsinke a London abin haushi ne kawai. Ya tsinke a tsakiyar tafki nesa da mutane, wannan wani zance ne. Na yi lissafina na sake, na kai wa Baba Dennis ya duba. Ya ce shi ma kusan haka zai yi, ko ya ɗan ƙara ko ya ɗan rage, babu wanda zai iya rantsuwa. Abin da na tsayar shi ne matsakaicin adadi, kuma a tsakiyar bel kawai.

Cikin makon nan bututun ruwan garejin ya fashe, man ɗumama wurin ma ya ƙare. Baba Dennis ya rufe, ya ce kowa ya san yadda zai yi da nasa aikin kafin ranar lodi. Na ce zan kai bel mai gajerun haƙoran gida. Nauyinsa ya fi ƙarfin kafaɗa a kan santsi, bas kuma ta daina hawa tudunmu. Da na koma gida sai idona ya faɗa kan keken jariri da Yaya Binta ta sayo na hannu ta ajiye a ƙarƙashin matakala.

Ta ce, "Sani, ɗan da ban haifa ba za ka fara yi wa aron gado?"

"Zan shimfiɗa jarida, Yaya."

"Allah ya shirye ka. In ƙafa ɗaya ta karye, kai za ka riƙa goyo."

Haka na turo shi tun daga bakin kogi, naɗe a cikin keke na lulluɓe shi da buhu. A hanya wata tsohuwa har ta tsayar da ni ta leƙa don ta ga jariri.

Muka shimfiɗa shi a ƙasan kicin kusa da hita don robar ta yi laushi. Na fara zana wuraren huda da alli. Ba a jera ƙusoshi a layi ɗaya, don in ta gaba ta kankare ƙanƙara, ta baya sai ta bi ramin da aka riga aka haƙa ba ta kama komai ba. Karkasa su ake yi, kowace ta samu sabon wuri. Yaya Binta ta dubi zanen ta ce ai wannan shukar wake ce a tsakanin gero, ta karɓi allin ta ci gaba. Ina hudawa da abin huda na hannu, ita tana zaune a kan matashi da farantin tuwo a cinya, tana ware ƙusa da washa da noti tana miƙo mini. Ƙarfen ya yi sanyin da har yake manne wa yatsa. Hannuna ya tsattsage, wani lokaci in na ɗaure noti sai in ga jini a jikin sifana. In lokacin salla ya yi mu naɗe gefen bel mu sami wurin sallaya, in na abinci ne mu ci a kansa. Mun kwashe 'yan kwanaki a haka, kuma in ban manta ba a cikinsu ne ta ba ni labaran mahaifiyarmu da ban taɓa ji ba.

Ranar da na ɗaure ta ƙarshe, Yaya Habu ya shigo da yamma yana fito, riƙe da gwangwani. Wani daga cikin tawagarsu ya fasa tafiya, shi ne ya lallaɓa ya karɓo ƙusoshin da aka ware wa babur ɗin mutumin. Ya juye su a faranti, sannan ya dubi bel ɗin.

"Wannan kuma fa? Ina sauran? Kamar bakin tsohuwa."

Na yi masa bayanin wuƙaƙen gaba da na raunin roba.

"Ji mini yaro. Jiya ka ce sai ƙusa, yau na kawo ƙusa ka ce ban da ƙusa. Ni na yi juyi a kan ƙanƙarar nan, ba kai ba. Mu koma fadama mu gwada."

Babu halin gwaji. An yi ruwan sama a tsakanin, fadamar ta koma taɓo da ɓallin ƙanƙara, babur ɗin kuma washegari za a rufe shi. Na gaya masa haka.

"To tunda ba gwaji, maganar mahayi za a bi. Miƙo abin hudar nan."

Abin hudar yana gefena. Na ɗauka, na kwance bakinsa, na jefa a aljihun wandona. Har yau ina mamakin yadda hannuna ya yi wannan bai nemi shawarata ba.

"Sani."

Tunda nake da shi bai taɓa kiran sunana da wannan murya ba.

"Ba zan bayar ba, Yaya."

"A gidana?"

"A gidanka. Ka yi haƙuri. In ka ce in kwashe kayana zan kwashe. Amma huda ɗaya ba za a ƙara ba."

Yaya Binta ta ajiye faranti a ƙasa.

"Sani, dube ni. Ka tabbata?"

Na so in ce mata e, don na ga abin da take son ji ke nan. Na ce, "Ban tabbata ba, Yaya. Babu mai tabbas sai Allah. Amma in ni zan hau, haka zan bar shi. In ke za ki hau, haka zan bar shi."

Sai ta yunƙura da ƙyar, ta zo ta zauna daɓas a gefen bel ɗin da babu ƙusa, ta miƙe ƙafafu.

"To Malam, ga ni ga bel. In hudar za ka yi, sai ka fara ɗaga ni."

"Binta, kin haɗa kai da ɗan'uwanki ke nan."

"Yaron nan tun yana ƙarami in an aike shi sayen gishiri sai ya dawo daga hanya ya tambaya mai laushi ko mai tsakuwa. Yau na ji ya ce a'a. Ni dai ina bayan wannan a'a ɗin."

Yaya Habu ya kwashe ƙusoshinsa ya mayar cikin gwangwani ya fita. Daga ranar har ya tafi bai sake tsokanata ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Da safe na mayar da bel ɗin a keken jariri, na ɗaura shi, na daidaita tsaurinsa, na bi kowane noti na sake taɓawa kafin a buga wa akwatin murfi. Ranar tafiya ya ja mu sallar asuba, ya yi sallama da matarsa, ni kuma ya miƙo mini hannu yana kallon ƙofa ya ce, "A kula da gida."

Bayan tafiyarsu sanyi ya dawo fiye da na farko. Dusa ta sake rufe gari, iska tana shigowa ta ramin makulli kamar an hura. Ba mu da tarho a gida, sai in je akwatin tarho na bakin titi in kira ofishin kamfanin, wata mata ta ce iya saninta suna lafiya. Wannan iya sanin nata ya hana ni sukuni. Kullum a layin kananzir ina sake lissafin a kaina. Wata rana ya fito mini ƙusoshin sun yi kaɗan, in hango babur yana zamewa da baya a hawa, kayan da yake ja suna fizgarsa ƙasa. Wata rana ya fito sun yi yawa. Ban gaya wa Yaya Binta ba, ita ma ba ta tambaya ba. Tana zaune dai tana saƙa hular jariri, ta warware ta sake. Ƙafafunta suka kumbura, aikin gida ya dawo kaina. Ni ke wanki in shanya a saman hita, ni ke tuƙa tuwo mai gudaji, ta ci ta ce ba laifi. Ungozoma takan zo a ƙafa da dogayen takalman roba, ta duba ta, ta sha shayi ba sukari ta wuce. Abin da na riƙe wa kaina shi ne wutar hitar nan ba za ta mutu ba har mai gidan ya dawo, kuma da ikon Allah ba ta mutu ba.

A hankali yajin aikin ya lafa, kaya suka fara dawowa kanti, dusa ta narke ta zama baƙin taɓo a gefen titi. Aka gaya mini ranar isowarsu, na je tashar jirgin ƙasa ta Plumstead na tare shi. Ya rame, fuskarsa ta ƙone da sanyi, fatar hancinsa da kunnuwansa tana saɓa.

"Ta sauka?"

"Tukuna. Ungozoma ta ce ko yaushe."

"Alhamdu lillahi."

Muka ɗauki jaka ɗai-ɗai muka kama hawan tudu. Na daure har tsakiyar hanya.

"Yaya, bel ɗin ya riƙe?"

"Ya riƙe."

"Ƙusoshin ba su yi kaɗan ba?"

"A hawa ɗaya sun so su yi kaɗan. Na sauka na tura ina zaginka."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya ɗora jakarsa a kan katangar wani gida ya tsaya.

"Ranar da muka bi kogin nan zuwa bakin teku, ni ne a gaba. Hazo ya sauko. Ina tafe da gudu, ka dai san halina, sai na ga ƙanƙarar gabana ta canja launi, ta yi baƙi tana tururi. Ruwa ne, Sani, buɗaɗɗe. Tsakanina da shi bai fi daga nan zuwa waccan fitilar ba. Birki ba zai isa ba. Na murɗa kai na kwanta gefe ina salati."

"Sai me?"

"Sai ya juyo. Da ƙyar, yana gurnani, amma ya juyo. Na tsaya na sauka. A kan ƙanƙarar na zauna har sauran suka iso." Ya share hancinsa da bayan hannu. "Kada yayarka ta ji wannan sai ta sauka lafiya. Ko bayan ta sauka ma."

Na ce to. Muka ɗauki jakunkuna muka ci gaba. Mun kai ƙofar gida yana laluben makulli, na ga in ban tambaya yanzu ba abin zai ci gaba da cina.

"Yaya, to a ganinka da an ƙara ƙusoshin nan da bai juyo ba ke nan? Ko dai da ya juyo duk da haka?"

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Oho. Ban koma na gwada ba. In kana son sani, kogin yana nan, sai in yi maka kwatance."

Ya tura ƙofa da kafaɗa, ya ɗaga murya tun daga ƙasan matakala yana rangaɗa sallama.